Harbi a Tsakar Gida: Yaushe Ne Ya Halatta Ɗan Sanda Ya Danna Kunamar Bindiga?

A yau za mu ɗan kauce daga hirar tarbiyyar yara da gyaran zaman aure da muka saba, mu taɓo wata magana mai nauyi wadda ba kasafai ake kawo ta a shafin mata ba, alhali kuwa idan abin ya auku mu ne a tsakiyarsa: mu ne masu ihu, mu ne masu buga waya, mu ne kuma masu zaman takaba ko zaman makokin ɗa.

'Yar uwa, ki ƙaddara dare ne, bayan an idar da sallar isha'i, sai ki ji kururuwa daga gidan maƙwabta. Saurayin gidan, wanda kowa ya san ya faɗa shaye-shaye, ya ɗauko adda yana zagaya tsakar gida, mahaifiyarsa ta kulle kanta a ɗaki da ƙannensa. Ko kuwa maigidan ne da kansa fushi ya rufe masa ido, ya riƙe wuƙa a kan matarsa. Mazan unguwa sun yi cirko-cirko a ƙofar zaure, ba mai iya shiga. Wani ya kira 'yan sanda, ga motarsu ta tsaya, ga su sun sauko riƙe da bindigogi. To, daga wannan lokacin zuwa 'yan mintuna kaɗan, me ya halatta su yi, me kuma ya haramta? Idan aka ji ƙarar harbi, aka fito da gawa, wa ke da alhakin jinin? Wannan ita ce tambayarmu ta yau.

Bari mu fara da sunan kansa. Bahaushe bai ce "ɗan bindiga" ba, cewa ya yi "ɗan sanda", domin kuwa da sanda ya san shi. Kakanninmu a nan ƙasar Daura sun rayu da dogaran Sarki, daga baya kuma da 'yan dokan En'e, kafin a haɗe 'yan doka da rundunar 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. A wancan zamani idan rigima ta ɓarke a gida, mai unguwa ake fara kira, in ta fi ƙarfinsa a kai ga dagaci, daga nan sai hakimi. Wanda ya zo kama mai laifi ya san ubansa, ya san kakansa, makaminsa kuma kulki ne da igiya. Yau kuwa jami'in da zai sauko daga mota mai yiwuwa baƙo ne da aka turo daga wata jiha, wataƙila ko Hausa ba ta zauna masa a baki ba, abin da ke rataye a kafaɗarsa kuma bindigar AK-47 ce, wadda aka ƙera domin fagen yaƙi.

Ki dubi yadda gidajenmu suke, daga cikin birnin Daura har ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Zaure ne mai duhu, sai ɗan lungu, sai tsakar gida wadda ɗakuna suka kewaye. Ƙofofin langa-langa ne ko labule, wani wurin ma dangar kara ce kawai ta raba gida da gida. Harsashin irin wannan bindiga ba ya tambayar wane ne mai laifi. Yana huda kwano, yana huda ƙyaure, yana iya wuce wanda aka nufa ya sami jaririn da ke kwance a gidan baya. Saboda haka harbi a tsakar gida ba daidai yake da harbi a daji ba, kuma duk wanda zai yi magana kan halaccinsa dole ya fara sanya wannan a ma'auni.

Amma kada ki ɗauka ina nufin jami'i ya harɗe hannu yana kallo. Akwai wata magana da muke yawan fakewa da ita, wai "tsakanin miji da mata sai Allah", ko "maganar cikin gida ce". Wannan magana tana da muhallinta, wato ƙananan saɓani na yau da gobe. Ranar da aka zare makami, ta tashi daga maganar cikin gida ta koma maganar rai. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyen Larabar Abasawa da ke ƙaramar hukumar Gezawa ta Jihar Kano ba, a watan Mayun 2024, inda wani mutum ya cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba saboda rikicin gado tsakaninsa da danginsa, aka rasa rayuka fiye da 20. Rigimar dangi ce ta kai ga haka. Da a ce akwai wanda ya riske shi da galan ɗin fetur da ashana a ƙofar masallacin, ba wani malami da zai ce a tsaya lallashi har wuta ta tashi. Sai dai ki lura da ɗaya ɓangaren labarin: bayan ya aikata, kama shi aka yi da ransa, aka gurfanar da shi gaban kotun Musulunci a Kano, ita ce ta yanke masa hukuncin kisa a watan Mayun 2025. Duk da girman laifinsa, ba a bakin bindigar ɗan sanda aka yanke hukuncin ba.

Nan ne gaɓar maganar take. Akwai tare ɓarna, akwai kuma hukunta mai ɓarna. Na farko aikin duk wanda ke wurin ne gwargwadon ikonsa, ɗan sanda kuwa shi ne kan gaba. Na biyu aikin alƙali ne shi kaɗai.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin da suke kira daf'us sa'ili, wato tunkuɗe wanda ya kawo farmaki. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, Muhtasar na Shaihu Halil, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo ta, masu sharhi kuma suka faɗaɗa. Abin da suka tsara a taƙaice shi ne: idan mutum ya afko wa rai ko iyali ko dukiya, ya halatta a tunkuɗe shi, amma a fara da gargaɗi matuƙar yana fahimtar magana kuma akwai sararin yin hakan, a haɗa shi da Allah ya bari. In bai bari ba, a yi amfani da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Wanda tsawa za ta tsayar ba a dukansa, wanda sanda za ta tsayar ba a sa masa ƙarfe. Ba a nufin kashe shi sai an tabbata babu abin da zai tsayar da shi sai kisan. Har ma suka ce wanda zai iya kauce wa maharin, shi da iyalinsa, ba tare da wata cutarwa ta same shi ba, to bai kamata ya ji masa rauni ba. Da zarar kuma maharin ya yar da makami, ko ya juya baya, ko ya faɗi, halaccin ya ƙare nan take, domin abin da ake tunkuɗewa ya kau.

Ki duba hikimar da ke cikin wannan tsari. Manufar ba ita ce a rama wa wanda aka zalunta ba, manufar ita ce a riƙe hannun da ya ɗaga. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da taimakon ɗan uwanmu ko shi ne azzalumin ko shi aka zalunta, da sahabbai suka nemi bayanin taimakon azzalumi sai ya nuna musu cewa hana shi zaluncin shi ne taimakonsa. To a tsakar gidan nan da muka misalta, rayuka biyu ne ɗan sanda ya zo ceto: na matar da ke ƙarƙashin wuƙa, da na mijin da ke riƙe da ita. In ya fito da su duka biyun da rai, ya yi aikinsa cikakke. In kuwa babu makawa sai ɗaya, to ran wadda ba ta ɗaga wa kowa makami ba shi ne a gaba. Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, ta kuma daidaita raya shi da raya mutane baki ɗaya. Ayar ta hau kan mai harbi ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma yi bushara ga wanda ya kuɓutar.

Domin ki ga yadda abin yake a aikace, bari mu leƙa Amurka, ƙasar da 'yan sandanta ke ɗaura kyamara a ƙirji, don haka duniya kan ga abin da ya faru da idonta. A can 'yan sanda kan harbe mutane kimanin 1,000 duk shekara, kuma da yawa daga ciki kiran gida ne ya kai su. Zan kawo miki guda biyu.

Ranar 20 ga Afrilun 2021, a birnin Kolombus na Jihar Ohayo, aka kira 'yan sanda wani gida da ake rigima. Jami'in yana sauka daga mota, cikin 'yan daƙiƙu, sai ga wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Ma'Khia Bryant ta danne wata a jikin mota ta ɗaga wuƙa za ta soka mata. Ya yi mata tsawa, sannan ya harbe ta har sau huɗu, ta rasu. An yi zanga-zanga, an yi muhawara mai zafi, amma a watan Maris na 2022 aka yanke cewa ba za a tuhume shi da laifi ba. Ni dai ko yaushe na tuna yarinyar nan sai zuciyata ta karye, domin sa'ar ɗalibaina ce. Amma in muka auna da ma'aunin malamanmu, wuƙa ta riga ta tashi, akwai wuyan da za ta sauka a kai, tazarar da ke tsakaninsa da su ba ta isa ya riƙe hannunta ba. Wannan shi ne irin yanayin da fiƙihu ya buɗe wa ƙofa, ƙofar kuma 'yar ƙarama ce. Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce, ina manya suke tun rigimar tana cacar baki?

Na biyun ya faru ranar 6 ga Yulin 2024 a yankin Sifirinfil na Jihar Ilinoi. Wata mata mai suna Sonya Massey, 'yar shekara 36, uwar 'ya'ya biyu, wadda ke fama da larurar ƙwaƙwalwa, ita ce da kanta ta kira 'yan sanda cikin dare tana jin kamar akwai mai leƙen gidanta. Suka duba ba su ga kowa ba, suka shiga ciki suna yi mata tambayoyi. Akwai tukunyar ruwa a kan wuta, aka ce ta sauke. Tana riƙe da tukunyar, magana ta ɗan haɗa su, sai ɗaya daga cikinsu mai suna Sean Grayson ya zaro bindiga yana yi mata barazana. Ta ba da haƙuri, ta durƙusa, ya matso ya harbe ta a fuska, a cikin ɗakin girkinta. Ya ce wai tsoron ruwan zafi ya ji. To ai wanda ke tsoron ruwan zafi baya yake ja, ba matsowa yake yi ba, ga ƙofa a buɗe, kuma babu wani rai da ke cikin haɗari in ya fita. A watan Oktoban 2025 kotu ta same shi da laifin kisa. Kin ga bambancin ke nan. A gidan farko jinkirin daƙiƙa biyu zai iya cin rai. A gida na biyu jinkirin awa guda ma ba zai cutar da kowa ba, fushi da girman kai ne kawai suka danna kunamar.

To mu a nan gida, me doka ta ce? Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, sai dai ya yi togiya: ba a ɗauka an tauye wannan 'yanci idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta yarda da shi kuma ya zama dole, wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya, ko wajen kama mai laifi ko hana wanda ke tsare tserewa, ko wajen murƙushe tarzoma. A ganina wannan togiya ta yi faɗi da yawa, musamman batun dukiya da tserewa. Haka ita ma tsohuwar dokar cikin gida ta 'yan sanda mai lamba 237, wadda ta tsara amfani da bindiga, ta ba su damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya gudu. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan gilla, Philip Alston, da ya ziyarci Nijeriya a 2005, ya soki wannan doka da kakkausar murya. Sai a watan Oktoban 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka fito da sabuwarta, wadda ta matso kusa da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990. Jigon waɗannan ƙa'idoji shi ne, ba a harbi da nufin kisa sai in babu wata hanya ta kare rai. In kin lura, kusan abin da Shaihu Halil ya rubuta ke nan tun ƙarni na 14.

A watan Satumban 2020 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari namu, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda da ta maye gurbin wadda ta samo asali tun 1943. A cikinta an hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba ce, kamar bashi ko saɓa yarjejeniya, an hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uwa ko mata don ba a sami ɗa ko miji ba, an kuma wajabta mutunta wanda aka kama. Ki riƙe waɗannan, 'yar uwa, haƙƙinki ne.

Rubutu a takarda daban, aiki a ƙasa daban. A cikin makonni biyu na farkon kullen korona a 2020, lokacin da mu ma nan Daura aka rufe mu a gida a watan Afrilu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar zaman gida, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda cutar kanta ta kashe. Wannan watanni shida ke nan kacal bayan sabunta doka ta 237. Saboda haka gyaran doka bai wadatar ba sai an gyara horo da kayan aiki. Jami'in da ba a ba shi komai ba sai bindigar yaƙi, ba garkuwa, ba barkonon tsohuwa, ba a koya masa yadda ake magana da mutumin da hankalinsa ya gushe ba, ga gajiya ga ƙarancin albashi, an tura shi zaure mai duhu shi ma yana tsoron ransa, to an zalunce shi kafin ya zalunci wani. Su ma 'ya'yan wasu ne, mazan wasu ne, kuma a jihar nan tamu mun ga yadda da yawansu suka rasa rayukansu a hannun 'yan bindigar daji. Mutanen Daura ba za su manta ba cewa jami'an tsaro ne suka kuɓutar da Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a Kano a farkon watan Yulin 2019, bayan wata biyu a hannun waɗanda suka sace shi daga ƙofar gidansa. Wannan wurin bindiga ne. Abin da muke roƙo shi ne kada a shigo tsakar gidan talaka da irin shirin da ake tunkarar masu garkuwa da mutane.

Yanzu bari in tsaya kan wanda ya fi yawa a unguwanninmu, wato ɗan da ƙwaya ko taɓin hankali ya juya. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Kusan kowace unguwa akwai uwar da ke kwana da fargabar ɗan da ta haifa. Shari'a ta ce an ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci har ya warke. Malamai sun yarda a tunkuɗe shi idan ya kawo farmaki, domin wuƙarsa tana yanka kamar ta mai hankali, amma ba mai laifi ba ne, majinyaci ne. Irin wannan mutum tsawa ba ta shigarsa, ƙara harzuƙa shi take yi. In aka ce "ajiye addar" sau uku bai ajiye ba, ba taurin kai ba ne, wataƙila ma bai ji ba, ko wasu muryoyi yake ji daban. Rashin bin umarni shi kaɗai bai taɓa zama dalilin kisa ba, a shari'a ko a doka. In an fitar da mutanen gida, ya rage daga shi sai addarsa a tsakar gida, to gaggawar me ake yi? A ja ƙofa, a tsare ta, a jira. Ƙwaya tana saki, fushi yana hucewa, gajiya tana kayar da ƙato. Ki tuna balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Manzon Allah (SAW), sahabbai suka taso masa, ya hana su, ya ce a bar shi ya gama, sannan a zuba ruwa. Haƙurin minti biyu ya kashe wutar da gaggawa za ta hura.

A birnin Memfis na Amurka, bayan 'yan sanda sun harbe wani mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa a 1987, sai aka kafa wata runduna a 1988 wadda ake ba jami'anta horon awa 40 kan lallashin irin waɗannan mutane tare da ma'aikatan lafiya, garuruwa da dama kuma suka kwaikwaya. Mu ma a watan Janairun 2023 an sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage shi ne a ga tasirinta a caji ofis da asibitocinmu. Rashin wurin kai irin waɗannan yara shi ya sa iyaye suka riƙa kai su gidajen mari, har aka kai ga abin da ya fito fili a nan Daura a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan horo a Sabon Gari suka fito da mutane 67, wasu da sarƙa a ƙafa. Tsakanin mari da harsashi akwai asibiti, irin na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna, kuma kai ɗa can ba abin kunya ba ne.

In kuma an riga an yi harbin, rai ya salwanta, to Musulunci bai san "tsautsayi ne, a yi haƙuri" a rufe magana ba, ko da mai harbin ma'aikacin hukuma ne. A shekara ta 8 bayan hijira, Khalid bin Walid (RA), babban kwamanda, ya kashe wasu mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar kalmar da suka furta. Da labari ya iso, Manzon Allah (SAW) ya ɗaga hannuwansa ya barranta ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, sannan, kamar yadda malaman tarihi suka kawo, ya tura Sayyidina Ali (RA) da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar da aka yi musu, har da kwanon da kare ke shan ruwa. Malaman fiƙihu kuma suna kawo labarin Sayyidina Umar (RA) da ya aika a kira wata mata mai ciki, tsoron kiran ya sa ta haihu a hanya, jaririn ya rasu. Wasu sahabbai suka ce ba komai a kansa tunda shugaba ne mai ladabtarwa, Sayyidina Ali ya ce a'a, diyya ta hau kansa domin shi ya firgita ta, Umar kuma ya karɓa. Firgitarwa kawai fa ke nan, ina ga harsashi? A ƙasarmu kuwa, matasa shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, waɗanda aka fi sani da shidan Apo, sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. Shekara 12 iyalansu suna jira. Duk harbin da ya ci rai a gida ya kamata a bincike shi a fili, wanda ya yi daidai a wanke shi, wanda ya ƙetare iyaka ya fuskanci alƙali, hukuma kuma ta biya diyya. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, an kafa su ne domin karɓar irin wannan koke.

Saura namu kason, domin mu ma muna da hannu a yadda irin wannan dare ke ƙarewa. Wata ɗabi'a ta shigo mana ta kiran 'yan sanda don a "koya wa yaro hankali", ko don a tsorata miji, ko kishiya ta kira wa kishiya. Har akan ƙara gishiri a waya, a ce "yana da makami, zai kashe mu", don su yi saurin zuwa. 'Yar uwa, ki ji tsoron Allah a kan wannan. Jami'in da kika gaya wa akwai makami da shirin harbi zai shigo, kuma ba ki da ikon dawo da harsashi in ya fita. Saɓanin da bai kai ga makami ba yana da hanyarsa: Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ga liman, ga mai unguwa, ga dagaci da hakimi, ga Hukumar Hisba, ga kotun shari'a. Mafi yawan gidajen da aka kai ga zare wuƙa, an shekara ana ganin hayaƙi, ana cewa mace ta yi haƙuri ta koma ɗakinta.

Amma in rai na cikin haɗari, naki ko na 'ya'yanki ko na maƙwabciyarki, kada kunya ko tsoron surutun dangi ya hana ki neman agaji. Ki fara fitar da yara, ke ma ki fita in da hanya, kada ki tsaya ɗaukar kaya. In kin kira, ki faɗi gaskiyar abin da ke akwai ba ragi ba ƙari: mutum nawa ne a gidan, me yake riƙe da shi, akwai wanda ya tsare ko shi kaɗai ne. In yana da taɓin hankali ko ya sha wani abu, ki faɗa tun a waya, ki sake faɗa in sun iso. A sa wani ya kira mai unguwa ko wani dattijon da yaron ke jin nauyinsa, ya tari jami'an a ƙofar gida kafin su shiga, domin baƙon da aka tarba da bayani ba ya shiga kamar wanda aka tarba da ihu. A kunna fitila ko a haska tocila a zaure. A kori taron 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, su ne ke ƙara zuga mai makami, su kuma rikita mai bindiga. Kada kuma ki ruga ki shiga tsakaninsu, ko ki kama rigar jami'i ko bindigarsa kina roƙo, ki tsaya inda zai gan ki ya kuma ji muryarki. Lambar mai unguwarku da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, ki sa a ajiye miki su a waya tun yau, babbar 'yarki ma ta san inda suke.